Farashi Na Tsaye, Maigida Na Yawo

A majalisun shayi na Damagaram, daga Birni har Zango, akwai muhawarar da ba ta ƙarewa, kuma mu maza ne muka fi zaƙewa a cikinta, mu da rabonmu da hura wuta tun muna yara. Maganar ita ce ko gida ya bar itace da gawayi, waɗanda kuɗinsu ke hawa da sauka, ya koma gas wanda gwamnati ta ƙayyade wa farashi: tukunya mai kilo 6 sefa 1,800, wato dala 360 a bakin kasuwa, mai kilo 12 da rabi kuma sefa 3,750. Ni ina cikin masu cewa a koma. Sai dai hujjar da ƴan ɓangarenmu suka fi ɗaga murya da ita, cewa kuɗin gas ba ya motsi don haka hankali ya kwanta, ita ce take mayar da mu abin dariya a gaban matanmu. Gara in fara rushe ta da hannuna, kafin in kawo wadda nake ganin za ta iya tsayawa da ƙafarta.

A takarda lissafin yana da daɗin ji. Tun ranar 28 ga Nuwamban 2011 da aka buɗe matatar SORAZ a kan hanyar Tanut, kimanin kilomita 50 daga gari, Nijar take tace man da ake turowa ta bututu daga Agadem. An gina matatar don ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin yana da kashi 60 cikin 100, gwamnatin Nijar tana da 40, kuma gas ɗin girki na cikin abin da take fitarwa. Ko ka raba 1,800 gida 6, ko ka raba 3,750 gida 12 da rabi, amsar ɗaya ce: sefa 300 kowane kilo. Magidanci yakan ji wannan, ya tuna cewa a bayan garinsu ake yin abin, sai ya gyara zaman hula ya shiga gida da tukunya sabuwa fil, ya sanar da iyali cewa zamanin hayaƙi ya wuce. Wani ma har yakan sa yara su kwashe duwatsun murhu su kai bayan gida, don kada a yi sha'awar komawa jahiliyya.

Abin da lissafin bai faɗa masa ba shi ne gas ba ya sallama idan zai tafi. Itace kana kallonsa yana raguwa, shi kuwa gas sai ruwan tuwo ya tafasa an yi talge, baƙi daga Magarya suna zaure, sannan wutar ta yi shuɗi, ta yi rawa, ta mutu. Daga nan aikin ya bar hannun uwargida ya dawo kanmu. Za ka tare ɗan kabu-kabu, ka rungume tukunyar da ba komai a cikinta, babbar riga tana kaɗawa, ka nufi shagon unguwa. Mai shago zai tarbe ka da fara'a, ka tambayi kuɗi, ya ce: “Alhaji, yana nan yadda ka sani, ko dala ba a ƙara ba.” Ka miƙa tukunya, ya ce ai babu, sai dai ko gobe in Allah ya kai mu. Shago na biyu akwai, amma ta wani kamfani ce, launinta daban, ba a musaya da taka. Na uku a rufe, an tafi salla. Na huɗu akwai taka ɗin, a can ƙuryar ɗaki ƙarƙashin tabarma, kuma mai shagon ya rantse ta wani bawan Allah ce da ya bar ajiya, amma saboda girmanka zai san yadda zai yi da shi, in ka ɗora ɗan wani abu a kai. Kafin ka dawo gida ka zaga Sabon Gari, ka bi ta Kasuwar Dole, ɗan kabu-kabu ya san sunayen ƴaƴanka, talge ya sandare, baƙi sun ci biredi. In ka haɗa kuɗin mashin da ɗan wani abun nan, ka biya fiye da 1,800, alhali farashin bai gusa daga inda gwamnati ta ajiye shi ba. Kai ne ka yi tafiyar a madadinsa.

Ba na ɗora wannan a kan mugun halin kowa, don haka abin yake a duk inda aka ɗaure kuɗin kaya aka bar bukata a sake. Matata ɗaya ce a ƙasar, kuma injin da ke aiki dare da rana dole wani lokaci a tsayar da shi a yi masa gyara. Masu girki da gas sun ƙaru ƙwarai tun 2011, a Yamai da Maraɗi da sauran birane, duk daga tushe ɗaya. Ga kuma iyaka a kusa, kuma kaya mai araha bai taɓa neman biza ba. Mun ga wannan a kan fetur. Shekara da shekaru man Najeriya mai tallafi yana hayowa arewa, ƴan ruwa-ruwa suna jera shi cikin kwalabe a bakin titi. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai ya tashi a can, hanyar ta ƙafe. A Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage litar fetur zuwa sefa 499, adadin da ko dala ba ta iya ƙirga shi daidai, aka yi murna. Zuwa Maris na 2025 sai ga layukan motoci da babura a gidajen mai, kowa ya san farashin lita da ka, litar ce kawai ba a gani.

Mai adawa zai ce to ai ka gama yi mana aiki, ƙayyadadden farashi alkawari ne kawai, kuma alkawari yana karyewa. Zai iya ƙarawa da tarihi, kuma gaskiyarsa. Dattawa suna tune da Janairun 1994, lokacin da kuɗin sefa, wanda ya shafe shekaru fiye da 40 a ɗaure da faran ɗin Faransa ba ya motsi, ya rasa rabin darajarsa cikin dare ɗaya. A Ingila ma, inda magidanci ke sa hannu da kamfani a kan kuɗin lantarki da gas na shekara ɗaya ko 2, da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya a 2021 kamfanoni kusan 30 ne suka durƙushe, aka kwashi abokan cinikinsu aka miƙa wa wasu kamfanonin a kan sabon farashi. Takardar da suka sa wa hannu tana nan a aljihun tebur, wanda ya yi alkawarin ne babu. Duk na yarda. Inda muka rabu da mai adawa shi ne zaton da yake yi cewa itace ya fi gas gaskiya.

Ai itace ma ƙayyadadden farashi gare shi. Wa ya taɓa jin mai itace ya ce itacen dala 20 ya koma dala 25? Yana nan a dala 20 ɗinsa rani da damina, ɗaurin ne yake ramewa kamar akuyar bazara, har ka kai ga ƙirga ƴan sandunan da yatsun hannu ɗaya. Da ruwa ya sauka, hanyoyin daji suka lalace, jakuna da amalanke suka koma aikin gona, abin da za ka samu ɗanye ne ko jiƙaƙƙe, rabin kuɗinka ya tafi wajen busar da shi a kan wuta. Buhun gawayi kuma samansa manya-manya masu ƙara, ƙasansa gari da tsakuwa, kuma ba ka sanin haka sai ka ci rabi. Babu sikeli a wannan ciniki, babu hukumar da za ka kai wa kuka, ba ka ma da lambar da za ka ce an saɓa. Sannan akwai kason da ba a biya da kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Wannan kaso ba ya shiga lissafin majalisar shayi, saboda idon da ke hawaye da ƙirjin da ke tari ba sa zuwa majalisar. Ita ma ƙasa tana biyan nata. Ana ba da labarin cewa Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo, kuma manoman Matamai da Magarya da Mirya sun shafe shekaru tun daga 1980 da wani abu suna rainon gawo a gonakinsu har ƙasar ta sake yin inuwa. Birnin da ke ƙaruwa kullum yana dafa tuwonsa da itace, daga wani wuri itacen yake fitowa.

To ga hujjar da nake tsaye a kanta. Hawa da saukar kasuwa ba ta mutuwa don an rubuta lamba a takarda, wurin ɓuya kawai take sauyawa. A itace tana ɓuya cikin girman ɗauri da cikin hayaƙi, inda ba ka iya auna ta, ba ka iya kare kanka daga gare ta. A gas tana ɓuya cikin lokaci, wato cikin makonnin da babu, kuma lokaci abu ne da ake iya yi wa tanadi. Kilo 6 kilo 6 ne, nauyin tukunyar da babu komai a rubuce yake a jikinta, wanda ke zargin an yi masa ƙwange ya ɗora a sikelin mai nama ya cire. Ranar ƙarewa ma ba gaibu ba ce, in an rubuta ranar da aka ɗaura ta da alli a bango, bayan zagaye 2 ko 3 uwargida za ta faɗa maka makon da za ta mutu. Abin da ya rage shi ne tukunya ta biyu, a cike, a ajiye, ana canjo wadda ta ƙare tun ana cikin yalwa, a farashin gwamnati, ba tare da an rungume ta an zaga gari ba. Wani zai ce ai itace ma ana tara shi kafin damina. Ana tarawa, in kana da filin ajiya, da rufin da zai kare shi, da yarjejeniya da gara, da kuma kuɗin saye a dunƙule, wanda shi ne dai abin da ake kuka da shi a gas.

Kukan dunƙulen kuɗin nan shi ne adawar da ta fi kowace nauyi, kuma ba zan yi mata dariya ba. Mai ga-ruwa ko lebura da ke samun na yau ya ci yau ba ya sayen itacen dala 20 don bai iya lissafi ba. Yana saye ne don dala 20 ɗin ce a hannunsa, kuma kuɗin tukunyar farko da kan murhunta sun ninka kuɗin cikawa sau da yawa, balle a ce masa ya ajiye ta biyu. Wannan yana nufin rangwamen da ke cikin farashin gwamnati ya fi isa ga mai ɗan hali, talaka kuwa yana sayen wuta mafi tsada a kullum, kaɗan-kaɗan. Mata sun riga mu gano hanya, don adashen da ke sayen kwanuka da katifa yana iya sayen tukunya, amma gyaran gaske yana hannun masu tsara farashin, su sauƙaƙa kuɗin shiga kamar yadda suka sauƙaƙa na cikawa. Abin da na lura da shi kawai shi ne masu kawo wannan hujja da ƙarfi a majalisa yawanci ba leburori ba ne. Waya 2 ke gabansu, kuma kuɗin da suke sa musu a wata ya sayi tukunya.

Sauran adawar ba ta da wuyar amsawa. Masu cewa tuwon itace ya fi daɗi, a ba su kwano 2 ba tare da an gaya musu wanne ne wanne ba, a ga ƙarshen ilimin. Masu cewa ba a tuƙa tuwon mutum 20 a kan ƙaramar tukunya mai rawa suna da gaskiya, shi ya sa duwatsun nan 3 su dawo daga bayan gida, a bar su don suna da biki da naman layya da dahuwar wake mai cin wuta. Masu tsoron fashewa kuma tsoronsu a kan hanya yake: a ajiye tukunya a tsaye inda iska ke shiga, a canja tiyo in ya tsufa, in an ji wari a rufe a buɗe ƙofa, a nemi yoyo da kumfar sabulu, kada wani gwani ya ce zai duba da ashana.

Haɗarin da ya fi kusa da tukunya ta biyu shi ne maƙwabci. Ranar da gas ya yanke a gari, unguwa duka za ta tuna cewa gidanka akwai ajiya. Za a aiko yarinya da gaisuwa: “Wai in ji Inna, tana gaida Baba, a ara mata ta ƙarasa miya.” Ba ka da bakin hanawa, don tsanin da kake hawa rufi da shi nasu ne. Bayan mako 3 tukunyar za ta dawo an goge ta tas tana sheƙi, yaro ƙarami ya ɗauko ta da hannu ɗaya, tare da saƙon cewa Allah ya saka da alheri, kuma in ka samu inda ake cikawa a sanar da su.