Sarkin Fate ya tafi ceton daji

Sarkin Fate, bawan Kanawa, gaisuwa irin ta ubangida. Bidiyon ya iso. Kada ka wahalar da kanka neman wanda ya turo, a cikin gidanka take, kuma ta ce in gaya maka ko a jikinta.

Ashe abin da ya hana ka ɗaga wayata ranar Asabar ke nan. Ka ce kana aikin al'umma, na ɗauka masallacin unguwarku kuke wa fenti. Sai ga mutumina a tsakiyar wata gona a bayan Boston, da riga mai furanni da malafa, ya cusa ƙafar wando cikin safa. Masu ƙaho da masu jita suna kan dandamali suna zuba soul da funk, kai kuma kana wani abu da kafaɗu wanda har yanzu ba a raɗa masa suna ba. Wai taron tara kuɗi ne don a hana masu gine-gine cinye filayen garin. To madalla. Filaye sun tsira, mutuncin Zazzau ne ya tafi.

Na san za ka ce saboda kaska ka yi dabarar safar, tunda ta can tana sa ciwon Lyme. Na yarda. Amma kaskar da ta ga rawar nan ai da kanta za ta sake hanya.

Zauna in ba ka karatu, tunda ku birnin ilimi ne amma ba ku taɓa kai kunne makaranta ba. Funk duk sirrinsa yana kan bugun farko. Dokar James Brown ke nan: mai ganga da mai jitar bes da masu busa, kowa ya sauko tare a kan ɗaya, bayan nan kowa ya yi yawonsa har ɗaya ta sake zagayowa. Kuma mutumin ba ya wasa. In makaɗi ya kuskure, yana tsakiyar rawa zai juyo ya watsa masa yatsu, adadin dalolin da za a zaftare masa ke nan. Na kalle ka da kyau, Malam Fate, kai a kan biyu da rabi kake sauka. Da a ƙungiyarsa kake, da jikokinka ne za su ƙarasa biyan tarar. Kuma kada ka fake da cewa kiɗan baƙo ne. A 1970 James Brown ya zo Legas, yaransa irin su Bootsy Collins suka je kallon Fela suka dawo suna jinjina. Kiɗan ya san hanyar ƙasarmu sarai, kunnenka ne kawai bai taɓa biyowa ba.

Shi kansa kiɗan taimako a fili ba ku kuka fara ba, don na ga kana ta hura hanci. A watan Agustan 1972 kamfanin Stax ya shirya Wattstax a filin wasa na Coliseum da ke Los Angeles, tikiti dala 1, mutum ya haura 100,000, abin da aka samu ya tafi ga ayyukan taimakon baƙaƙen fata. A nan ne dattijo Rufus Thomas, da gajeren wandonsa ruwan hoda, ya tada rawar kaza, jama'a suka tsallako shinge suka cika ciyawar filin. Da aka ga za a yi ɓarna, shi ɗin dai ya bi su da zolaya da lallashi har suka koma kujerunsu. Kai wa ya lallashe ka? Na ga inda ka tsaya, ciyawar ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Mutane sun zo kare ƙasa, kai ka zo musu da zaizaya.

Sassauta fuskar, wasa nake. Abin da mutanen nan suke yi ya burge ni ƙwarai, kuma a jiharku ta Massachusetts aka haife shi. Wani mai tsara lambuna, Charles Eliot, shi ya kawo shawarar a riƙa ajiye wa jama'a kyawawan filaye yadda ɗakin karatu ke ajiye littattafai, a 1891 aka kafa ƙungiyar The Trustees of Reservations a kan haka. Yau ƙananan ƙungiyoyi irinta sun cika Amurka. Wani lokaci su sayi filin dungurungum. Wani lokaci kuma, wannan ce dabarar da ta fi kama hankalina, gonar tana nan a hannun mai ita, ya noma, ya yi kiwo, ya sayar in ya ga dama, sai dai ya sa hannu cewa ba za a taɓa yanka ta a yi gidaje ba. Sharaɗin yana manne da takardar filin, ya hau kan magada, ya hau kan duk wanda ya saya, gwamnati kuma ta sassauta wa mai gonar haraji. Ƙungiyar ce ke zagayawa tana duba ko an karya alkawari. Kuɗin tikitinka da na lemon da ka sha, can suke tafiya: awon fili, lauyoyi, gyaran hanyar masu yawo. Kusan wakafi ne, abin da ka karanta a zaure kafin boko ya ɗauke ka.

To a nan nake jiranka. Wajen ƙarshen bidiyon sun ɗauko "Mercy Mercy Me" ta Marvin Gaye, ta 1971, wadda yake kukan yadda mutum ya ɓata iska da teku da ƙasa. Na ga ka cire tabarau ka share hawaye. Allah sarki, mai tausayin itatuwa! Ina gonar kakanka ta gindin Kufena? Ina ɗorawar nan da muke jifa muna yara, da kanyar bakin burtali? Dillalai sun ja igiya, an yanka fuloti-fuloti, an dasa bulo a kowace kusurwa, ɗorawar kuma ta zama gawayi. Ta waya ka ba da izini, kana cewa a yi sauri kafin Naira ta ƙara faɗuwa. Ina zargin ma da canjin kuɗin aka sayi rigar furannin. Ka sayar da inuwar kakanka, ka haye jirgi kana yi wa itacen Bature kuka.

Na ji ka, na ji ka. Za ka ce Kanawa mun cike kududdufai mun dasa shaguna, mun gutsure badala har ta kusa ƙarewa. Ƙwarai kuwa. Amma mu 'yan kasuwa ne, kowa ya san mu da haka, ba mu taɓa cusa wando a safa mun ce ceton duniya muka fito ba.

Duk da haka ba a yar da bawa don ya yi wauta. An ce mini 'yar fadamar nan ta gefen rafi tana nan, ƙannenka ba su kai ga daidaitawa da dillali ba. Ka zo hutun ƙarshen shekara ku zauna da su da malami, a rubuta a ajiye ta. In kuɗin da za a fanshi kason masu son sayarwa ne matsala, sai mu yi irin na mutanenka: a kafa rumfa a bakin fadamar, a kira masu kalangu, a dama fate tukunya guda don 'yan gida, mu kuma mu taho da gurasarmu don kada yunwa ta kashe baƙi. Kai za ka buɗe fili da kafaɗun nan naka. Na rantse Kanawa za su cika motoci tun daga Kwanar Dangora su biya ko nawa ne don su gani da idonsu. Ni zan riƙe ƙofa, la'adata kashi goma, kada ka ce ban faɗa ba.

Kuɗin sharar bara ma har yau shiru. Ka haɗa da na bana, kuma da dala nake karɓa yanzu.