Biyar-biyar da Hamsin-hamsin

Malamar aji biyu ta kwashe safiya tana fama: "Ku ƙirga biyar-biyar!" Yara suka rera tiryan-tiryan har ashirin da biyar, daga nan sai gunguni, wani ɗan bayan aji kuma ya yi tsalle ya dira kan saba'in abinsa. Ta rubuta 5, 10, 15, 20 a allo, ta nuna musu cewa wutsiyar kowace lamba ko 5 ce ko 0. Shiru kake ji.

Da la'asar ga yaron nan a bakin kaskon ƙosan uwarsa, yana ƙirga hamsin-hamsin har dubu ba gargada, har da tare wani dattijo: "Baba, saura naira ɗari ta jiya."

Malama ta ce gobe da ƙosai za ta koyar. Shugaban makaranta yana tambayar wa zai sayi man gyaɗa.