Warin Hammata da Shari'ar Tsakar Gida

A unguwarmu yaro ba ya wari haka kawai, sai an samo wanda ya jawo. Ranar da uwa ta ɗaga hannun 'yarta mai shekara shida za ta tuɓe mata riga, tsami irin na manya ya bugi hancinta, to kafin la'asar an kafa kotu a tsakar gida. Wadda ake fara gurfanarwa kuwa ungozoma ce, ko da ƙasa ta daɗe da rufe idonta. "Ai ba a wanke ta da kyau ba ranar haihuwa," in ji kaka. "Ni tun lokacin na faɗa. Wankan asibiti har wanka ne? Shafa-shafa da auduga?" Mu dai mun riga mun yarda cewa ƙarnin haihuwa in bai fita a wankan farko ba, ya zauna ke nan har tsufa. Shi ya sa jariri ko awa biyu bai yi a duniya ba za ka ga an dirje shi da soso da sabulun salo, yana tsala ihu, tsofaffi na cewa gata ake yi masa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa shawararta a jinkirta wankan nan awa 24, saboda farin maiƙon da ake haifar jariri da shi yana kare fatarsa, kuma jariri saurin ɗaukar sanyi gare shi. Je ka gaya wa Goggo haka, ka sha harara.

Idan ungozoma ta kuɓuta, sai a kamo kajin gidan gona. "Kazar da sati shida ta isa yanka, me kike tsammani za ta yi wa yaro?" Mai wannan magana fa gidanta daga Sallah sai Sallah ake ganin kaza a tukunya. Saurin girman kajin nan daga zaɓen iri ne da irin abincin da ake ɗura musu, amma wa zai tsaya jin wannan? Daga kaza a koma kan taliyar yara, daga nan kan waya, a ƙarshe uwa ta rage murya ta ce, "Mu dai a danginmu babu mai wannan." Kowa ya gane dangin da ake nufi.

Abin da ke faruwa a jikin yaron bai kai wannan shari'a tsawo ba. Gumi iri biyu ne. Akwai wanda ke tsattsafowa a goshi da baya da ko'ina, ruwa ne da ɗan gishiri, ba shi da wani wari. Akwai kuma na hammata da matsematsi, mai ɗan kauri, wanda mafitarsa ke barci tun haihuwa sai wani sinadari ya tashe ta. Sinadarin daga wasu 'yan halittu biyu yake fitowa, kowace na zaune a saman ƙoda ɗaya, kuma sukan fara aiki a hankali tun yaro yana shekara 6 zuwa 8. Shi kansa gumin ba ya wari. Ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a fatar kowa, har ta mai yi wa mutane gorin tsabta, su ke cinye shi su bar abin da hanci ke ji. Sai ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu a Kano ko Zinder, lokacin da ma'auni ke haura 40, da kayan makaranta na yadin roba saiti ɗaya tun Litinin har Juma'a, da hijabin Islamiyya da ake zumbulawa a kan gumin boko, da kuma ruwan da sai an jira mai garuwa. Abin mamakin ma shi ne yaron da ba ya tsami.

Kuma sau da yawa ba ma tsayawa mu gano ta ina warin ke fitowa. Yaro ɗan shekara uku ya yi ta ɗoyi, a yi masa wanka safe da yamma, a canja sabulu, a fara zancen sammu, ashe ƙwayar wake ce ko guntun soson katifa ya cusa a hanci tun watan jiya. Alamarsa majina mai wari ta kafar hanci ɗaya kawai, kuma ma'aikacin lafiya zai zaro shi cikin mintoci. Kada dai a ce za a caccako shi da tsinken tsintsiya. Akwai kuma ciwon kunne mai zubar ruwa, da ruɓaɓɓen haƙori, da zarnin fitsarin kwance da ya kama tabarma ya kama riga.

Wajen maganin warin hammata kuwa ba a bar mu a baya ba. Wannan ta ce lemon tsami, waccan ta ce toka, wata ta ce a jiƙa bagaruwa. Lemon tsami a fatar yaro raɗaɗi yake yi, in akwai ƙuraje kuwa sai yarinya ta tsani a taɓa wurin ma. Wanda na fi yarda da shi a cikin kayan namu shi ne alif, wanda muke jefawa a randa ruwa ya kwanta. Shi ɗin ne Turawa ke gogewa ya yi santsi, su sa shi a kwali su sayar da tsada a matsayin dutsen hana wari. Wadda ba na yafe wa ita ce mai tsallake wanka ta ɗauko humrarta ta biki ta shafe 'yar firamare da ita. Tsami na nan bai je ko'ina ba, ƙamshi ya zo ya same shi, malamin aji ya rasa wanda zai kora a cikinsu. Alhali sabulu ne kawai a tabbatar ya kai hammata, don yaro in ka bar shi da bokiti cikinsa kawai yake wankewa ya fito, sai singiletin auduga, sai a riƙa cuɗa hammatar riga a shanya ta a rana.

Amma ba warin ne ainihin abin da ke hana uwa barci ba. Kalmar da ba ta son furtawa ce: balaga. Tsoron ma yana da tushe, domin a wasu littattafan fiƙihun Malikiyya an ambaci warin hammata da kaurin murya cikin alamomin da ake dubawa. Su likitocin yara kuwa sun raba abin gida biyu. Tashin waɗancan halittu na saman ƙoda daban, yakan zo da wari, da maiƙon fuska, wani lokaci da 'yan gashi, kuma galibi iyakarsa ke nan, balagar gaske sai ta zo a kan lokacinta. Balagar gaske kuwa daga ƙwaƙwalwa ake ba da umarninta. A wajen mace alamarta ta farko ƙirgen dangi, al'ada kan biyo baya da kamar shekara biyu. A wajen namiji girman 'ya'yan maraina. Iyakar da likitocin suka ja ita ce shekara 8 ga mace, 9 ga namiji. Abin da ya bayyana kafin nan, ko gashi ne ko ƙirji, ko yaro ya yi ta zabga tsawo har wandon da aka ɗinka da ƙaramar Sallah ya ɗage kafin babba, wannan na likita ne. In da ciwon kai mai naci ko gani ya fara dishi-dishi, ba a kwana.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1997, kan 'yan mata sama da 17,000, ya gano cewa a shekara 8 kusan rabin baƙaƙen fata sun fara nuna alama, fararen kuwa kusan kashi 15 cikin ɗari. An kuma daɗe da lura cewa ƙiba na gaggauta abin ga 'ya mace. Wannan ba zai yi mana daɗin ji ba, mu da muke auna gatan yaro da kumatunsa.

Abin da likita zai yi ba abin tsoro ba ne. Zai auna tsawo da nauyi, ya duba jiki, wataƙila ya sa a ɗauki hoton ƙashin hannun hagu don ya ga ko ƙashin ya riga shekarun yaro tsufa, wataƙila a ɗebi jini. Dalilin damuwa da ƙashi shi ne wadda ta balaga da wuri takan fi 'yan ajinta tsawo yau, amma ƙashinta ya rufe da wuri ta ƙare gajera. In an tabbatar, akwai allurar da ake yi duk wata ko duk wata uku, ta dakatar da abin har lokacinsa ya yi. A mata yawanci ba a samun wata cuta a ƙarƙashi. A maza ne aka fi samun dalilin da ke buƙatar bincike, kuma su ne muka fi yi wa sakaci. Ɗan shekara bakwai ya fara tsami da gashi, uba ya yi dariya ya ce, "Namiji ke nan." Ita kuwa mace daga ranar da aka ga alama an fara, "Ke yanzu kin girma, daina tsalle," a hana ta 'yar gala-gala, maƙwabta su fara tsokanar an kusa shan biki. Yarinyar da har yanzu haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba, kuma jiya-jiya ta yi kuka saboda an cinye mata alawa.

Inda muke kunyata kanmu shi ne gaban tebur ɗin likita, a sashen yara na babban asibiti, bayan an sha layi tun asuba. Duk lissafinsa a kan shekaru yake, sai ya tambaya, "Shekararta nawa?" Uwa ta ce bakwai. Kaka ta ce, "Haba ke kuwa, tara dai, ai da azumi aka haife ta, shekarar da katangar baya ta faɗi." A buga wa uba waya, ya ce a dakata ya tuna shekarar da ya sayi babur. Katin riga-kafi mai ɗauke da rana da wata da shekara, har da nauyinta na jarirantaka, yana can gida a ƙarƙashin katifa tare da rasit ɗin wuta.