Kek a Kan Dutsen Shere

A gidanmu ba a riƙe ranar haihuwa, shekara ake riƙewa, ita ma sai da abin da ya faru a cikinta. Idan ka tambayi Hajiya yaushe aka haife ni, za ta ce maka shekarar da Buhari ya canja kuɗi, da damina, gero ya fara fitar da kai. Canjin kuɗin a watan Afrilun 1984 aka yi shi. Amma hedimastan da ya ɗauke ni firamare bai tsaya jin labarin gero ba, ya dangwala mini 1 ga Janairu, ranar da ya ba kusan rabin ajinmu. Haka na girma lafiya lau, ba wanda ya taɓa kunna mini kyandir sai in an ɗauke wuta.

Sai Allah ya haɗa ni da 'yar boko. Ita a asibiti aka haife ta cikin Disamba, tana da kati mai ɗauke da rana da sa'a har da nauyinta. Duk shekara idan watan ya kama sai ta fara miƙo mini waya: "Maigida, dubi abin da mijin wata ya yi." In duba in ga balan-balan, ga kek hawa uku, ga wani ƙato yana busa sarewar Turawa a tsakar ɗaki, matar tana kuka da hannu a ƙirji. Ni kuwa in kawo mata maganar malaman da suke cewa abin koyi da Turawa ne, in ƙara da ta Hajiya, wadda take cewa shekara ta ragu daga kwanakin mutum, shi kuma yana yanka kek. Ta ce ta ji. Washegari miyar ta fito ba gishiri.

Bara dai na ce bari in fita kunya. Ta taɓa cewa tana sha'awar ganin Jos, sai na tsara abin da ko mazan cikin waya ba su yi ba: in kai ta Jos ba ta sani ba, mu hau Dutsen Shere, in fito da kek a can sama. Na jawo autarsu cikin shirin, ita ta haɗa ni da mai yin kek.

To, duk wanda ya ƙirƙiro ba-zata bai san gidan Bahaushe ba. A nan idan magidanci ya fara fita ƙofar gida amsa waya, ya sa wa wayar lambar sirri, ya sayo leshi da takalmi ya ajiye a gidan aboki, fassara ɗaya ce tak ake yi masa. Na adana lambar mai kek da sunan "Makanike 2". Ina wanka wayar ta yi ƙara, uwargida ta ɗauka, sai ta ji makaniken da siririyar murya yana cewa, "Yallaɓai, ruwan hoda take so ko fari? Kuma sunanta zan rubuta ko Sahibata?" Da yamma kuma saƙon masauki ya shigo daga Jos, an tanadi ɗaki na mutum biyu.

Ba ta ce mini uffan ba. Abinci ma sai ya ƙara daɗi, turaren wuta ya ƙaru, ana yi mini sannu da zuwa har da durƙusawa. Ina ta murna ashe shari'ata ake yi.

Ranar wata Juma'a Hajiya ta aiko in zo. Na tarar da ita a kan darduma, ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba.

"Aure ba laifi ba ne, sunna ce. Amma ni da na haife ka sai a bakin duniya zan ji? 'Yar gidan waye a Jos ɗin?"

Na rantse, na sake rantsewa, na buɗe waya na nuna mata hoton kek. Ta yi dariya har da share hawaye da gefen mayafi. Na roƙe ta don Allah kada ta faɗa wa uwargida, ta ce bakinta ƙanin ƙafarta. Kuma ta cika alkawari, cikawar da ta fi tonawa illa, domin kiran surukarta ta yi ta ce, "Ki yi haƙuri 'yar nan, duk inda ya ce ki bi shi, ki bi shi. Alheri ne." Bayan haka ta ce tunda mota za ta Jos, a tafi da Gwaggo ta dubo 'yarta da ke aure a can. Yara kuma suna hutu, ba mai riƙe su.

Tafiyar mutum biyu ta zama ta mota cike. Gwaggo a gaba, saboda ƙafarta. Uwargida a baya da baƙin tabarau, ta zuba duk gwal ɗin da ta mallaka. Kek kuwa na lallaɓa shi cikin but tun da asuba, na rufe da tsohuwar darduma, ban san Gwaggo ta bi baya ta ɗora masa tsarabarta ba: ƙullin kuka, kuɓewa busasshiya, da daddawa mai yawan gaske. Muka bi ta Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore Gwaggo tana ta jan carbi, muka wuce Saminaka. Daga Jingir hanya ta fara hawa, iska ta canja. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200, kuma a cikin hunturu muka je. Ni da na fito da shadda ɗaya shara-shara, kafin isha'i ina Taminus ina cinikin rigar sanyi ta gwanjo haƙorana suna haɗuwa.

Da safe muka bar yara wurin Gwaggo, na ce, "Maman yara, shirya, zan kai ki ki ga wani abu."

"Wani abu ko wata?"

Ban gane ba, na yi dariya. Ta shiga ta fito cikin leshi mai duwatsu, ɗaurin kai ya tashi sama, takalmi mai tsini, jaka ta dace da mayafi. Na ce ko za ta sa wani abu mai sauƙi. Ta ce ba za a gan ta a wulaƙance ba.

Duwatsun Shere suna gabas da gari, tafiyar 'yan mintuna a mota, kuma a gindinsu akwai makarantar da ake horar da matasa hawan dutse da juriya. Muka sami wani saurayi ɗan unguwar ya yarda zai yi mana jagora. Uwargida ta leƙa ta taga, ta ga ba gida ba rumfar biki, sai duwatsu jibga-jibga wani kan wani.

"A nan take?"

"A can sama," na ce, ina nufin ba-zatar.

Ta cire takalman ta riƙe a hannu, ta tattare zani.

Ni Dala na sani, mai matakala, ka hau kana gaisawa da mutane. Shere ba matakala. Jagoran ya ce ƙololuwarsa mita 1,829 ce, ya faɗa yana murmushi yana kallon tumbina. Wani wurin ka kama dutse da hannu biyu ka ja jikinka, wani wurin ka matse ta cikin tsaga a kaikaice, wani wurin ka tsallaka rami ba ka son kallon ƙasansa. Ga kwalin kek a hannuna, na naɗe shi a baƙar leda. Ga rigar gwanjo da na saya don sanyi ta koma gidan wanka. A wata tsaga na ɗaga ƙafa na ji "ɓarrr" a bayana, wandon shadda ya yi sallama. Jagoran ya karɓi kwalin ya ɗora a ka, bai ce komai ba, Allah ya yi masa albarka.

Uwargida fa? Matar da take cewa in kawo mata ruwa daga firij saboda bayanta, ita ce a gaba, ba takalmi, tana hawa kamar akuyar da ta hango dusa. Ko waiwaye ba ta yi. Jagoran ya ce bai taɓa ganin baƙuwa mai ƙarfin zuciya irinta ba. Kishi ne, ɗan'uwa, ba motsa jiki ba.

Da muka kai wani faffaɗan dutse, gwiwoyina suka yanke hukuncin cewa nan ne ƙololuwa. Na juya in nuna mata garin Jos shimfiɗe a ƙasa, abin da na sha wahala dominsa. Hazo ya rufe komai fari fat. Jagoran ya riƙa nuna farin da yatsa: can madatsar ruwa ta Lamingo take, can cikin gari, can tsofaffin ramukan kuza. Muka ce masha Allah.

Na durƙusa, don tsayuwa ta gagara, na kwance leda na buɗe kwali. Warin daddawa ya fara fitowa kafin kek. Gefe ɗaya ya lotsa, furannin ruwan hoda sun koma jikin murfi, rubutun ya dame, saura "Barka da" da rabin sunanta. Na ƙyasta ashana iska ta kashe, na sake ta kashe, har kwalin ashanar ya kusa ƙarewa. Wuƙa kuma autarsu ta ce ta saka, ba ta saka ba.

Ta daɗe tana kallon kek ɗin. Ta cire tabarau.

"Ina yarinyar?"

"Wace yarinya?"

"Makanike."

Sai a lokacin lissafin ya haɗu mini. Na yi bayani tun daga farko, jagoran ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ta zauna daɓas a kan dutse da leshinta, ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya koma faɗa.

"Wato duk rashin barcin da na yi, da kuɗin gyaran jiki da na kashe, da adashina da na ɗauka na canja labule, a kan kek ne? To wallahi sai ka yi mini kayan faɗar kishiya."

Na ce ai ba kishiya.

"Zafinta dai na riga na sha."

Da hannu muka ci kek ɗin. Jagoran ya fi kowa ci, ya ce bai taɓa jin irin wannan ɗanɗanon ba, ko sabon yayi ne a Kano. Saukowa kuwa da mazaunai na yi ta, abin da ya rage na wandon ya ƙarasa a hanya. Washegari Gwaggo ta sa muka biya kasuwar Farin Gada, ta cika but da dankalin Turawa da kabeji da karas har motar ta zauna. Leshi da takalmin da na ɓoye a gidan aboki aka karɓa a matsayin kashin farko na kayan faɗar kishiya. Kashi na biyu ina kan biya.

Na ɗauka an gama. Ranar 1 ga Janairu muna dawowa daga sallar asuba, ni da liman da dattawan layinmu, sai muka tarar da ƙofar gidana ta sha balan-balan, wani saurayi da jar kwat ya saita sarewarsa mai lanƙwasa ya fara busa. Yaran maƙwabta suka fito da gudu. Liman ya dube ni ya ce, "Malam, sarauta aka ba ka ba mu ji ba?" Kafin hantsi an tasa ni gaba da yara da kula ta abinci sai Dala, wai tunda ni mai son dutse ne. A can sama ta ba yara labarin Barbushe da Tsumburbura, ni ina zaune ina neman numfashi.

Abin bai tsaya nan ba. Ta je ta zauna da Hajiya sun yi lissafin gero, sun tsayar da cewa a watan Agusta aka haife ni. Yanzu ranar haihuwa biyu gare ni, ta takarda da ta gero, kuma an riga an sanar da ni cewa ta damina a Dutsen Kufena na Zariya za a yi ta. Ta sayi takalmin kambas.

Jiya na ji tana tambayar wata ƙawarta hanyar Mambila, ko ta Jalingo da Serti ake bi a kai Gembu. Don haka ina roƙon duk wanda ya san ta, don girman Allah, idan hira ta biyo ta kan jihar Taraba ya tsaya a kan ganyen shayi da shanu. Kada wanda ya gaya mata akwai wani dutse a can mai suna Chappal Waddi, mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya.