Yadda Ake Zuwa Zamiyar Ƙanƙara Ba Tare da an Nemi Mai Ɗori Ba

Idan Allah Ya hore maka, zuciya kuma ta raya maka cewa bana a kan duwatsun Alps za ka yi hutu, to madalla. Zamiyar ƙanƙara wasa ne mai daɗi ƙwarai: mutum ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya sulalo daga kan dutse iska na kaɗa masa kunne. Sai dai ka sani tun daga gida, dutse bai san Alhaji ba, bai san darakta ba. Shiri kawai ya sani. Ga yadda ake shirin.

Na ɗaya: zaɓi dutse daidai ƙarfinka

A Turai ana wasan daga Disamba zuwa Afrilu. Ka guji makon Kirsimeti da sabuwar shekara, ka guji Fabrairu lokacin hutun makarantun Faransa, domin a lokacin farashi yakan riga mutane hawa dutsen. Tsakiyar Janairu ya fi sauƙi ga aljihu, Maris kuma ya fi tsawon yini.

Duk wanda ka tambaya zai ce maka Chamonix, kuma yana da hujja. A can aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko a 1924, ga dutsen Mont Blanc mai tsayin kimanin mita 4,800 tsaye a kan garin, ga shi tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna daga filin jirgin Geneva. Amma yawancin gangarenta na gwanaye ne. Sabon shiga ya nemi wuri mai faɗi da gangare mai ladabi. Yankin Les Trois Vallées na da hanyoyin zamiya na kusan kilomita 600, akwai na kowa a ciki. Mai lallaɓa aljihu ya duba Bansko a Bulgariya. Wanda kasuwanci ke kai shi Dubai kuwa, ya fara leƙa Ski Dubai da aka buɗe a 2005 a cikin katafaren kanti, ya sha faɗuwarsa ta farko a can da rahusa kafin ya sayi tikitin Turai.

Hanyoyin suna da launi. A Faransa kore na 'yan koyo ne, shuɗi na wanda ya fara gane gabansa, ja na wanda ya iya. Baƙi kuwa, ka ɗaga masa hannu daga nesa ka wuce.

Na biyu: takalmi, uban tafiya

Kada ka saya, ka yi haya. A shagon za a zaunar da kai a benci, a auna ƙafarka da santimita, a kawo maka wani takalmin roba mai tauri da maɗaurai jere har ƙwauri. Da ka sa, zuciyarka za ta ce ka nemi wanda ya fi girma. Kada ka biye mata. Takalmin da ya yi daidai shi ne wanda yatsunka ke ɗan taɓa gabansa idan ka miƙe tsaye, su janye idan ka lanƙwasa gwiwa, diddige kuma ya zauna daram ba ya ɗagawa. Mai sako-sako yana barin ƙafa ta yi ta kai-komo a ciki, kafin la'asar ƙwaurinka ya yi tsami, farcen babban yatsa ya yi baƙi.

Safa ɗaya tak, doguwa har gwiwa. Biyu ba sa ƙara ɗumi, matse jini suke yi. Kada ka cusa ƙafar wando a ciki, domin 'yar naɗewar da ba ka damu da ita da safe ba, da yamma ita ce za ta zama abin hira. Idan ka fito daga shagon kana tafiya kamar ɗan kaciya, kada ka ji kunya, ka duba dama da hagu, kowa haka yake tafiya.

Mai shagon zai tambaye ka nauyinka da tsayinka da iyawarka. Ka ji tsoron Allah ka faɗi gaskiya. Da amsarka yake saita ƙarfen da ke kama takalmi a jikin allo, wanda aikinsa shi ne ya sake ka idan ka faɗi. Ka ce kai gwani ne, ya ɗaure tamau, ranar faɗuwa allo ya ƙi rabuwa da kai, gwiwa ce za ta biya kuɗin ƙaryar.

Na uku: sutura hawa uku

Rigar sanyin da kake cin hunturu da ita a gida ta zauna a gida. Can ana sa kaya hawa uku ne. Na jiki ya zama na ulu ko na yadin roba mai tsotse gumi. Auduga ba ta yi, domin tana jiƙewa ta manne ta koma maka ƙanƙara. Na tsakiya riga mai laushi mai riƙe ɗumi. Na waje jaket da wando waɗanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Amfanin hawa-hawan shi ne ka cire ɗaya idan ka yi gumi, kuma za ka yi, musamman wajen ƙoƙarin tashi daga ƙasa.

Babbar riga da hula zanna a adana su don cin abincin dare. Hajiya ta nemi ɗan hijabin motsa jiki mai shiga ƙarƙashin hular kwano, domin jelar gyale na iya maƙalewa a kujerar da ke hawa da mutane dutse. Hular kwano dole ce ga babba da yaro. Safar hannu mai hana ruwa dole ce. Tabarau ma haka, saboda sabuwar dusar ƙanƙara na mayar da mafi yawan hasken rana cikin ido. Man kariya daga rana kuma har baƙar fata na buƙata. Ka jefa ɗan man kaɗanya a aljihu don leɓe.

Na huɗu: masauki da ciki

Idan mai masauki ya rubuta "kusa da gangare", ka tambaye shi mita nawa. Mita 500 ba komai ba ne ga mai silifas, amma ga mai takalmin zamiya da alluna a kafaɗa da yaro na kuka a baya, tafiya ce mai neman guzuri. Ka tambaya ko akwai ɗakin busar da takalma, ko motar kyauta na tsayawa a ƙofa. Gidajen haya galibi daga Asabar zuwa Asabar ake ba da su, kuma idan an ce gidan mutum shida ne, ka ƙirga har da biyun da za su kwana a kujerar falo.

Gida mai kicin ya fi maka, ga dalili. Tartiflette, dankali da cuku mai ƙamshi, da naman alade ake yin sa. Fondue, narkakken cukun da ake tsoma burodi, da giya ake dama shi. Raclette cuku ne da dankali, amma yawanci da yankakken naman alade ake rako shi, sai ka ce a bar rakiyar. Ka tafi da yajinka. Kilishi da dambun nama kuwa ka cinye su kafin ka sauka, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama, kuma babu baƙin cikin da ya kai ka ga kilishinka a hannun jami'in kwastan.

Yinin can gajere ne, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje. Ka yi alwala kafin ka ɗaura takalmi, ka kuma tambayi malaminka hukuncin kasaru da shafa a kan huffi tun kana gida.

Na biyar: ka biya malami

Akwai aboki mai cewa "zo in nuna maka, minti goma ne". Ka gode masa, ka nufi makarantar koyo. A Faransa malaman ESF, makarantar da aka kafa a 1945, da jajayen kaya ake gane su. Abin farko da za su koya maka shi ne tsayawa: ka haɗa kawunan alluna, ka ware gindinsu. Na biyu shi ne faɗuwa ta gefe. Za ka ga yara 'yan shekara huɗu sun wuce ka a jere suna dariya. Ka sa musu albarka ka ci gaba da karatunka. Doka ɗaya ka haddace: wanda ke gabanka a gangare shi ke da hanya, kai na baya kai ke kaucewa.

Na shida: inshora da ƙafafu

Bizar Schengen na buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, amma ka karanta takardar ka tabbatar ta haɗa da wasannin ƙanƙara, domin a Faransa idan aka sauko da kai a makarar ceto, takardar kuɗi na biyo ka. Makonni shida kafin tafiya ka rabu da lifta, ka riƙa hawa bene da ƙafa, kana tsugunno kana tashi. Cinyoyinka za su yi maka addu'a.

Kwana biyun farko za ka sha ƙasa, na uku jiki zai yi tsami. Ka daure, domin daga nan ne alluna ke fara jin magana, ka juya dama su bi, ka juya hagu su bi, ka ji daɗin da ya sa mutane ke tara kuɗin shekara don mako guda. A wannan lokacin ne ya kamata ka fi kiyayewa. Wajen ƙarfe huɗu, ƙafa ta gaji, haske ya ragu, kujerun hawa na shirin tsayawa, zuciya za ta ce maka a ƙara ɗaya ta ƙarshe. Ka ce mata sai gobe, ka kwance takalmi, ka je ka sha shayi mai zafi. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.