Yadda Ake Ƙetarar da Albasa Damina a Sharabi

A ƙasashen sanyi akwai wani fure da ake kira daliya, wanda masu lambu ke yi wa hidimar da ba kowane ango ke yi wa amarya ba. Asalinsa daga tsaunukan Meziko ne. A 1789 aka kai shi Madrid, aka raɗa masa sunan wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, Anders Dahl, kuma tun 1963 Meziko ta ɗauke shi furen ƙasa. Saiwarsa kamar dankali take, ga ta da raki, sanyin ƙanƙara na taɓa ta sai ta mutu. Don haka da zarar ganye ya yi baƙi, Bature zai tono ta, ya kakkaɓe, ya shanya, ya kwantar da ita a akwati, ya riƙa leƙa ta har sanyi ya wuce.

Manomin Sharabi in ya ji wannan labari tambaya ɗaya zai yi: "To, ana miya da ita?" Mutanen Meziko na dā sun ci ta, Turawa kuwa suka ɗanɗana suka bar ta a ado. Shi kuma yana da tasa 'yar lelen, wato albasa, wadda ba a ɗora tukunya sai da ita. A ƙasarsu ta Bagudo, inda kogin Kwara ya shigo Nijeriya daga wajen Benin da Nijar, babu ƙanƙarar da za a ɓoye wa shuka. Ruwan da ake ƙetarewa da albasa shi ne damina, kuma ba kowa ke kai ta gaci ba.

Daga wajen sayen iri ake fara cin nasara ko faɗuwa. Mazaunin bakin iyaka ba ya rasa inda zai dosa: ga kasuwar Tsamiya, ga Aliero da albasa ta yi wa suna a jihar Kebbi, ga Malanbil ta Benin da ke kallon Gaya ta tsallaken kogi. Irin da aka fi yaba wa wajen jure ajiya shi ne jar albasar Galmi, mai sunan garin nan na jihar Tawa. Jikinta a tsuke yake, ruwanta kaɗan, yajinta kuma mai sa ƙato hawaye. Wannan yajin alama ce mai kyau, domin albasa mai zaƙi da yawan ruwa ita ke saurin narkewa a ajiya.

Abin da mai saye zai yi hattara da shi shi ne gwangwanin nan mai hoton albasa kamar kan jariri. Albasa tana ƙidaya tsawon yini kafin ta yi kai. Irin arewacin Turai sai ya ga yini mai awa 14 ko fiye, alhali yinin Bagudo ko a tsakiyar damina ba ya kai awa 13. Wanda ya shuka irin wannan zai ba shi ruwa wata huɗu, albasar tana jiran yinin da ba zai zo ba. Zai samu lawashi da gabun da zai raba wa dangi har garin Kaoje, amma kai kam ba zai gani ba.

Ƙwayar albasa kuma ba ta da tsawon rai, a zafin nan shekara ɗaya ta ishe ta gajiya. Kafin a biya kuɗin tiya, a karɓi ɗan kaɗan, a ƙirga ƙwaya 20, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a jira kwana 10. In waɗanda suka tsira ba su kai 15 ba, sai a koma wurin mai iri, a gaisa da kyau, a tambayi iyali, sannan a ce, "Alhaji, irin nan fa ya ga jiya ya ga yau."

Noman kansa ba ya da wuyar bayani. Ana zuba reno da ɗaukewar ruwan sama, wajen Oktoba. Bayan mako shida ko bakwai, in dashen ya kusa kaurin fensir, a mayar da shi fangali da tazarar santimita 10 zuwa 15. Saiwarta ba ta nisa, saboda haka ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai take so, kuma ba ta iya kokawa da ciyawa. A kewaye wurin da ƙaya, don akuyar maƙwabci tana da nata ra'ayin game da lawashi.

Inda ƙauna ke ɓata aiki shi ne wajen taki. Manomi ya ga ganye ya yi shar, ransa ya yi fari, sai ya ƙara mata yuriya alhali ta fara kai. Albasar za ta yi ƙiba, wuyanta ya yi kauri kamar na ɗan kokawa, wuyan da ba zai taɓa bushewa ya rufe ba, kuma ta nan ruɓa ke shiga. Haka ma ruwa. Da zarar rabin ganyen ya karya wuya ya kwanta, wajen Maris, sai a ɗauke mata ruwa kwana 10 zuwa 14. Zuciya za ta ce a ƙara mata ko guga ɗaya. Kada a saurare ta.

Bayan an cire, a bar ta ta sha iska a inuwa har ɓawon ya riƙa ƙara in an taɓa, don ranar bazara tana dafa albasa tun ba a yanka ta ba. A yanke ganye a bar wuya kamar faɗin yatsu biyu. Wajen ɗauka kuma a bi ta a hankali. Wadda aka jefa cikin kwando ba ta kuka a ranar, sai a watan Yuli take rama abin da aka yi mata, ta kuma ja maƙwabtanta.

Ɗakinta shi ne rudu: dandamalin itace da kara, a ɗage daga ƙasa, iska na shiga ta ƙasa da gefe, rufin ciyawa kuma mai kaurin da ko ɗigo ba zai ratsa ba. A shimfiɗa ta ba tare da an tula ba. Zafin Kebbi a nan abokin tafiya ne, domin albasa tana barci a sanyi mai tsanani ko a zafin da ya haura digiri 25, a tsaka-tsaki ne take farkawa ta yi tsiro. Maƙiyinta laima ne. In marka ta sauka a Agusta, baƙin ƙura-ƙura ya fara bayyana ƙarƙashin ɓawo, to mai rudu ya zama ɗan sintiri. Duk mako ya shiga da hancinsa a gaba, don hanci ke riga ido gano mai laifi, ya fitar da duk wadda ta yi laushi.

Wahalar tana biya. Albasar da ake roƙon mutane su saya a Afrilu ita ake nema ido rufe a Oktoba. A ƙarshen 2020, bayan ambaliyar da ta cinye gonaki a Kebbi, ta yi tsadar da mutanen Legas suka riƙa kwatanta ta da zinariya.

Sai dai akwai wata ɓarnar da ba ta laima ba. Ga yaro nan da sallama: "Baba, wai in ji Inna a sam mata albasa biyu." Ga uwargida ta yi baƙi, ta leƙa rudu ta zaɓi mafi kyau, wadda maigida ya ware don iri. Maganin wannan tun ranar girbi ake yin sa. Masu kaurin wuya da masu tabo a zuba su a kwandon kicin, a miƙa wa uwargida da hannu biyu, a ce nata ne ita da maƙwabta. Na iri kuma, matsakaita masu siririn wuya da launi ɗaya, a nuna mata su a ce, "Hajiya, waɗannan amana ce a hannunki." Daga ranar babu mai gadin da ya kai ta.

Waɗanda suka kai Nuwamba su ne iyaye. A yanke kashi ɗaya cikin uku na saman kowace, a shafa toka, a binne. Sanyin hunturu ne ke sa su fitar da dogayen sanduna, kowace da dunƙulen farin fure a ka, kyan da ko mai daliya zai tsaya ya kalla. Ƙudan zuma da ƙudaje za su cika wurin, su ne ma'aikatan, don haka a ajiye feshi har furen ya wuce. In kawunan suka fara buɗewa, baƙar ƙwaya ta leƙo, a yanke su da sassafe, a shanya a tabarma, a murje, a sheƙe, a ɗura a busasshiyar kwalba a toshe. A ware gwangwani guda a gefe, domin maƙwabcin nan mai akuya zai zo da sallama kafin Oktoba.