Kular Giya

Daga waya rigimar ta faro. Maƙwabcina Alhaji yana tsakar gida yana ɗaga murya yadda ya saba, kamar wanda bai yarda waya tana kai magana ba, yana cewa: "A samo min kular giya mai kyau, babba, ko nawa ce. Giyar nan zafi take min a hanya. Jiya sai da na tsaya a gindin bishiya na jira ta huce." Hajiya tana kicin, sai ludayi ya suɓuce mata. Shekara ashirin da huɗu da aure, mutumin da ba ya rasa sahun farko, ashe abin da yake yi a hanyar Saminaka ke nan! Kafin la'asar ta kira yayanta, yayan ya biya ya ɗauko liman, ni ma aka aiko yaro wai in zo in zama shaida.

An yi kusan rabin awa ana wa'azi a kaikaice, ana kewaye-kewaye a kan ƙarshen zamani da sharrin abokai, Alhaji yana gyaɗa kai yana cewa "Allah Ya shirye su", bai san da shi ake ba. Da dai aka fito fili, sai ya dafe ƙirji: "Haba Hajiya! Giyar mota fa!" Liman ya yi hamdala, ya cinye tuwon da aka riga aka zubo masa, ya tafi. Hajiya kuwa har yau ba ta sauko gaba ɗaya ba.

Ban ga laifinta ba. Kula dai a wurinta ita ce wadda ake zuba abinci don kada ya huce, ta Alhaji kuma aikinta hucar da abu. Giya kuwa kowa ya san ma'anarta biyu, ɗaya tana tafiyar da mota, ɗaya tana tafiyar da hankali.

Asalin maganar, Alhaji ne ya sayi wata ƙatuwar a-kori-kura 'yar Amurka, ta hanyar Kwatano ta shigo, mai canza giya da kanta. Da ya ga ƙugiya a bayanta sai ya ji kamar an bar masa fili ba gini. Ya sa mai walda ya ƙera masa ƙaramar tirela mai taya huɗu, ba irin doguwar nan ta kan titi ba, ka ce amalanke ce ta samu ci gaba. Ya buɗe littafin motar ya ga an rubuta tana iya jan 7,000. Bai tsaya duba na mene ne ba, ya yanke hukunci kilo ne: buhu saba'in na masara, kowane kilo ɗari. Alhali Ba'amurke da fam yake awo, fam ɗaya kuma bai kai rabin kilo ba. Wato kilo 3,175 ake nufi, har da nauyin ita kanta tirelar. Da na nuna masa haka sai ya ce, "Malam, ai Bature tsoro ne da shi. Idan ya rubuta goma, ashirin yake nufi, don kada a kai shi kotu ne."

Wannan fatawa ba ta Alhaji ba ce shi kaɗai, ta ƙasa ce baki ɗaya. Mu a wurinmu mota ba ta cika. Tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda aka fara harhaɗa irinsu a Kaduna a 1975, muka koyi cewa matuƙar akwai igiya to akwai wuri. A loda buhuna, a ɗora akuya, a ɗora mai akuyar, yaron mota ya rataye a baya yana ɗaga wa jama'a hannu. Waɗancan motocin sun jure mana, shi ya sa muka ɗauka kowane ƙarfe jakin gidanmu ne. Amma su giyar hannu ce da su: idan ka zalunce su kuloci ne zai ƙone, a sauke a canza, gobe a koma Dawanau.

Mai canza giya da kanta, wadda Amurkawa suka fara sayarwa tun wajajen 1940, halinta daban. Tsakanin injin da giyabos akwai wani tulun ƙarfe cike da mai, a ciki fankoki biyu suna fuskantar juna. Injin yana juya ɗaya, ita ta watsa mai, man ya tura ɗayar. Idan kaya sun yi nauyi, ta farkon tana ta gudu ta biyun tana jan ƙafa, duk ƙarfin da ya ɓace a tsakaninsu zafi yake zama, man ne kuma yake kwasa. Man giya yana son ya zauna tsakanin digiri 80 da 95. Ya haura 120 ya fara dahuwa, robobin ciki su bushe, in aka ci gaba faifan da ke kama giya su soma zamewa. Sabo ja ne garau kamar zoɓo. Wanda aka tsiyayo daga motar Alhaji bayan ta tsaya a Kwanar Ɗangora ya fi kama da man da mai ƙosai ta yi sati tana suya da shi, har ƙaurin.

Masu ƙera motar ba su manta da zafin ba. Akwai wata 'yar hanya a cikin lagireto da man giya ke bi, ruwan injin ya rage masa zafi ya koma. Sai dai an yi ta ne don mutumin da ke ɗaukar abin da littafi ya ce. Ga wanda zai riƙa jan tirela, musamman a tudu da rana, ana ƙara wani ƙaramin lagireto a gaba, inda iska ke bugawa. Man ya fito daga giyabos, ya bi ta tsohuwar hanyarsa, ya shiga sabon, sannan ya koma gida. Kular giya ke nan. Abu ne mai amfani, ba na musu, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da na sabon giyabos ba. Da a nan maganar ta tsaya da ban ɓata tawada ba.

Amma sai da muka je gareji. Duk wanda bai taɓa zama a bencin gareji ba bai san yawan injiniyoyin da Allah Ya albarkaci ƙasar nan da su ba. Ana buɗe bonet majalisa ta haɗu: mai shayi, mai faci, wani da ya kawo babur gyara, da wani dattijo da ba wanda ya san abin da ya kawo shi. Mai shayi ya ce a cire tamostat, don abin ƙasar sanyi ne. Oga bakanike ya dube shi da tausayi ya ce ai tun ranar da motar ta shigo Kano aka cire, aka kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Wannan ita ce kaciyar da ake yi wa kowace mota 'yar Kwatano kafin a karɓe ta cikin jama'a. Mai faci ya ce shi direban da ya sani fiya-wata yake saya leda guda, in ta yi zafi ya fasa mata. Dattijon ya ce maita ce. Sai da aka zo kan fitilar gargaɗin da ke kunnuwa a gaban direba aka samu ijma'i: a manna mata baƙin salatif.

Oga dai ya san aikinsa, in an bar shi. Ya aika Ƙofar Ruwa aka kawo kula iri biyu, ɗaya bututu ne da ya yi ta lanƙwasa a cikin siraran ƙarafa, ɗaya faranti-faranti a jere, ya ce ta biyun ta fi sanyayawa ko da ta fi ƙanƙanta. Alhaji ya zaɓi ta farkon saboda ta fi girma, kuma za a hango ta daga waje. Oga ya ce a sayi tiyo na man giya da maɗauri na ƙarfe, Alhaji ya ce akwai ragowar tiyon ban-ruwa a gida. A nan ne kaɗai na ga Oga ya ajiye sifana ya ce, "Ranka ya daɗe, in tiyon nan ya fashe a hanya, kafin ka gama salati man ya ƙare, giyar ta tafi." Aka sayi na gaske. Ya ƙara mai irin wanda littafi ya ambata, don sabuwar hanya ita ma tana shan nata. Ya kuma sa masa agogon da ke nuna zafin giya, wanda daga ranar ya zama abin da Alhaji ya fi kallo a duniya, har da titi.

Lambar nan ta 7,000 da Alhaji ya raina, in ka bi asalinta, ba a majalisar shayi aka yanke ta ba. Kamfanonin motocin Amurka suna da ƙa'idar gwaji mai suna J2807. A cikinta ana ɗaura wa mota tirela a hau da ita wani tudu kusa da madatsar Davis a jihar Arizona, tafiyar kusan kilomita 18, na'urar sanyaya ɗaki a ƙure, zafin gari kuma sai ya kai digiri 38 ko fiye. Ana gwada tashi a kan tudu, ana gwada birki. Abin da motar ta iya ja ba tare da ta galabaita ba shi ake rubutawa. Da na karanta wa Alhaji wannan, abu ɗaya ya tsinta: "Talatin da takwas? A Sakkwato ranar da aka samu 38 a watan Afrilu ai cewa ake yau gari ya yi luf." Gaskiya ya faɗa. Ni na ɗauka hujja ce ta a rage kaya. Shi ya ɗauke ta hujjar cewa Bature bai san komai ba.

Ga inda cutar take. Kula ba ta ƙara wa mota ƙarfin ja ko na kilo ɗaya. Ba ta ƙara birki, ba ta ƙara sifirin, ba ta ƙara wa taya haƙuri. Mai kawai take sanyayawa. Amma mu duk abin da muka saya don kariya sai ya koma lasisi. Mai hawan jini ya karɓo magani ya wuce wurin mai kilishi. An sa sitabilaiza a gida, sai a jona firji uku da dutsen guga a soket ɗaya. An sa wa mota kula, sai ta zama laya. Ana cewa an bar jaki ana dukan taiki, Alhaji shi taikin ya ƙara wa kaya ya koma yana yi wa jakin fifita. Na ce masa, "Alhaji, gyara kayanka fa bai zama sauke mu raba ba." Ya ce, "Ku 'yan boko kun fiye lissafi. Da buhu arba'in ta yi zafi. Yanzu da kula, sittin ma kaɗan ne."

Na ƙara masa da cewa a Turai duk tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta zama da birkinta na kanta, tasa kuwa mai walda bai ma san ana yi ba. Ya ce birkin motar ai na mutum biyu ne.

Bayan sati uku ya tafi Filato sayen dankalin Turawa, zai kai Abuja. Duk direban da ya san hanyar Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo, kuma ya san mai fitowa daga Jos gangara yake yi. A gangare giya hutawa take, birki ne ke cin wuya. Ban je ba, amma yaron motarsa ya ba ni labari dalla-dalla: yadda ƙauri ya fara tashi, yadda feda ta yi laushi kamar an taka burodi, yadda tirela ta gaji da bin baya ta nemi ta wuce gaba, da yadda Allah Ya kawo wani tudun ƙasa a gefen hanya ya tare su. Ba wanda ya ji ciwo. Dankali dai mutanen ƙauyukan wurin sun ci rabonsu.

Da daddare ya kira ni, muryarsa cike da nasara. "Malam, ka san wani abu? Duk abin nan da aka yi, agogon giya bai wuce 85 ba. Kular nan ta yi!"

Shekaranjiya na gan shi a ƙofar gida, ya juya wa gidan baya, ya kare baki da hannu yana waya ƙasa-ƙasa, don yanzu ba ya maganar mota inda Hajiya za ta ji. Oga yake tambaya ko ana samun kular birki. Oga ya ce akwai, amma sai an yi oda daga Legas, ya turo rabin kuɗi.